Abincin da marasa son girki suke ci a ƙauyukanmu

Malamin firamare, yankin Ringim:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An yi mini canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa da iyalina, ina zaune ni kaɗai, kuma tun tasowata ban taɓa son tsayuwa a gaban murhu ba. Idan na taso daga makaranta da azahar, abin da ya fi mini sauƙi shi ne taliyar leda ko burodi a teburin mai shayi, amma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 albashi ba ya ɗaukar wannan har ƙarshen wata, jikina ma ya fara nuna mini bai gamsu ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali su faɗa mana abin da suke ci, wanda ba ya cin lokaci da kuɗi kuma yake riƙe ciki.

Ma'aikaciyar lafiya, yankin Gumel:
Wa alaikumus salam Malam. Ni mace ce, amma girki bai taɓa burge ni ba, ga aikin dare a ɗakin haihuwa da ke dawo da ni gida a gajiye. Kwaɗon zogale ne ya rufa mini asiri. Da damina, lokacin da ganyen ya yi yawa har ana bayar da shi kyauta, nakan sa a tsinke mini shi, in shanya a inuwa, domin rana tana ƙona shi ta rage masa amfani, sannan in ɗura a buhu. Ranar da zan ci, sai in dafa tafi biyu har ya yi laushi, in matse ruwan, in zuba dakakken ƙuli-ƙuli, tumatir, albasa, attaruhu da ɗan man gyaɗa, in cakuɗa da hannu. Ƙuli-ƙulin ma sau ɗaya nake sa a daka mini da yawa in rufe a roba. Ganyen yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, ƙulin yana gina jiki, ɗanyen tumatir ko matsin lemon tsami kuma yana taimaka wa jiki ya sha ƙarfen. Shayi yana rage wannan shan, don haka kada Malam ya kora kwaɗon da shi, ya bari sai an jima. Idan aka ɓare gyaɗa ko ƙuli aka ga hunhuna ko aka ji ɗaci, a zubar, domin gubar da ke cikinsu tana lalata hanta. Idan zogale ya ƙare, rama ko tafasa suna maye gurbinsa.

Manomin rani, Kura:
Hajiya ta yi gaskiya, amma wanda ya wuni yana ban ruwa a fadama kwaɗo kaɗai ba ya kai shi magariba. Ni ɗanwake ne abincina a bukkar gona. Wahalarsa duka tana wurin haɗa garin, kuma wannan aikin injin niƙa ne: nakan kai wake da alabo a niƙa mini tare, in zuba garin kuka, in ajiye abin da zai yi mini makonni. Idan yunwa ta zo sai in ɗora ruwa, kafin ya tafasa na kwaɓa garin da ruwan kanwa, in riƙa gutsura ina jefawa, idan suka taso sama in ba su ɗan lokaci su dahu har ciki, in tsame, in sa mai da yaji. Tukunya ɗaya zan wanke, kuma gaskiya wanke-wanke ne ya fi sa na tsani girki. Ina ba Malam shawara, idan tumatir ya faɗi ƙasa warwas a kasuwar Kwanar Gafan da sanyi, ya saya ya yanka ya shanya kauɗa, zai gode wa Allah lokacin da damina ta zo ya yi tsada.

Ma'aikaciyar lafiya, yankin Gumel:
Yaya, ɗanwake abinci ne mai kyau, sai dai a sassauta hannu wurin kanwa, domin idan ta yi yawa tana lalata wasu sinadaran bitamin da ke cikin wake. Yajin da ake barbaɗawa ma yakan sha gishiri da dunƙulen ɗanɗano fiye da kima, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Daddawa tana ba da ɗanɗanon da zai sa a rage dunƙulen.

Tela, Haɗeja:
Ni da ƙafata take kan keken ɗinki tun safe, dabarata ita ce kula. Da dare nakan jiƙa wake, wanda hakan yake rage masa lokacin dahuwa ƙwarai har ba sai na sa kanwa ba. Da asuba in ɗora shi, idan ya yi laushi in zuba shinkafa, da zarar ta tafasa ta kusa tsotse ruwan sai in juye a kula in rufe, zafin da ke ciki ya ƙarasa turara ta ina bakin aikina. Da azahar in buɗe garau-garau, in yanka salak da tumatir a kai. Mu a nan Allah ya ba mu kifi, kuma ƙananan busassun nan masu arha, waɗanda ake ci har da ƙayarsu, su nake dakawa in barbaɗa maimakon nama. Amma da bazara kada a bar abincin safe ya kai dare a kula, zafin garin nan yana lalata shi.

Mai sayar da dabbobi, yankin Wudil:
Ƙanena, ni ko ashana ba na ƙyastawa a ranar Juma'a ta kasuwa, fura da nono suke riƙe ni. Sharaɗina shi ne in sayi nonon wurin wadda na san tana dafa madararta kafin ta bar ta ta yi tsami, in dama da ruwan da na yarda da tsaftarsa, kuma ba na cika sukari. Sauran ranaku, da dare ina binne dankalin Hausa a cikin toka mai zafi idan an gama shayi, in ci da ƙuli. Rogo ne kawai ban yarda a yi masa gaggawa ba, sai an ɓare shi an dafa shi ya dahu sosai.

Malamin firamare, yankin Ringim:
Allah ya saka muku da alheri. Zogale akwai shi a bayan makarantarmu, sai dai ƙauyen babu injin niƙa, turmi kuma ba ni da shi.

Tela, Haɗeja:
Malam, kasuwar Gujungu tana ci ranar Lahadi, kuma ba ka da makaranta a ranar. Ka sayi wake da alabo da kuka da ƙuli a can, ka niƙo su kafin ka hau mota, ka taho da robobi masu murfi saboda ɓera da ƙwari.