Jama'a, a taya ni neman Hausar "doping"

Salamu alaikum, ma'abota wasanni da malaman harshe. Wata kalma ce ta tsaya mini a maƙogwaro, shi ne na kawo ta gabanku. Masu Ingilishi suna cewa "doping", 'yan'uwanmu na Nijar sun ɗauko ta Faransanci suna cewa "dopaj". Abin nufi dai ɗan wasa ya sa wa jikinsa abin da dokar wasa ta hana don ya fi abokan karawarsa. Mu masu karanta labarin wasanni a rediyo kuwa, shekara da shekaru muna ta jan "shan ƙwayoyi masu ƙara kuzari" kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. Kalmomi biyar, ga tsawo, ga shi ba su faɗi abin da ake so su faɗa ba.

Bari in tona wa kaina asiri tukuna. A farkon 2024, ranar da aka yanke wa Paul Pogba dakatarwar shekara 4, ina cikin shiri kai tsaye, na ga jimlar ta yi mini tsawo, sai na datse ta na ce "an same shi da shan maganin ƙarfi". Ban rufe baki ba na hangi mai kula da na'ura ta cikin gilashi ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Da aka buɗe layin waya, wanda ya fara kira wani dattijo ne, ya yi sallama a natse ya ce, "Ɗana, shi wannan yaron matansa nawa?" Kun san inda hankalin Bahaushe yake zuwa in ya ji maganin ƙarfi: wajen mai lasifika a bakin tasha. Saboda haka kada ma wani ya kawo mini wannan, ni na binne ta da hannuna.

To mece ce matsalar "ƙwaya"? In ka ce wane yana shan ƙwaya, abin da mai sauraro zai gani shi ne yaro a kango, ido jajur, magana na lauyewa. Ku ɗora wannan hoton a kan Lance Armstrong ku ga ko zai zauna. Mutumin nan ya ci tseren keke na Tour de France sau 7 a jere, daga 1999 zuwa 2005, ba a taɓa ganinsa yana tangaɗi ba. Allurar EPO yake yi, wadda ke sa jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini masu kai iska ga tsoka, mutum ya hau dutse da keke bai yi haki kamar sauran ba. Ban da wannan, ana ɗibar jininsa tun saura makonni a fara tsere, a adana a firji, in gajiya ta taru a tsakiyar gasa a mayar masa. A 2012 aka ƙwace duka bakwai ɗin, a Janairun 2013 ya amsa da bakinsa a gaban Oprah Winfrey, mai shirin hira a talabijin. Yanzu fisabilillahi, wanda aka ɗura wa jininsa na kansa, wace ƙwaya ya sha? Sai dai ko ƙwayoyin jinin, in mai son raha ne kai.

"Kuzari" ma haka take. A gasar Olamfik ta Beijin a 2008 an ƙwace lambobi biyu daga hannun Kim Jong-su, maharbin Koriya ta Arewa, saboda maganin hawan jini mai rage bugun zuciya. Shi ba kuzari yake nema ba, so yake hannunsa ya daina rawa. Sannan goro yana ƙara kuzari, shayin mai shayi ma yana ƙarawa, sinadarin da ke cikinsu kuma tun 2004 aka cire shi daga jerin haramtattu. Kalmarmu ta kama mai cin goro ta saki maharbi.

Bismillah, fage naku ne.

Na dawo daga la'asar na tarar kun cika mini wuri, Allah ya saka. Bari in bi waɗanda suka fi tsaya mini a rai.

Matasa da yawa sun ce a bar ta yadda take, a hausance ta kawai a ce "dofin", tunda mun karɓi kwamfuta da intanet ba mu mutu ba. Ƙannena, ba na gaba da aron kalma. Amma kwamfuta abu ce da za ka nuna wa mutum ka ce ga ta. Wannan kuwa aiki ne da ake yi a ɓoye, in sunan bai yi bayanin kansa ba, manomin da ke sauraronmu a gindin bishiya bai ƙaru da komai ba. Wani ya ce ai "dofin" ta yi kama da "dafin", kuma dafi ne ɗin. Na yi dariya, amma ba zan iya karanta "hukumar yaƙi da dofin" a labarai ba tare da an kira an tambaye ni dafin maciji ko na kunama ba.

Alhaji daga kasuwar hatsi ya ce "algus". Ya ce yadda ake zuba ruwa a nono, ko a sa tsakuwa a gindin buhu, haka waɗannan suke gauraya jininsu. Alhaji, hoton ya yi kyau. Inda muka rabu shi ne algus rage ingancin kaya yake yi, wannan kuwa ƙara wa kayan aiki yake, har ya wuce yadda aka halicce shi.

Wadda ta fi ɗaukar hankalina da farko ita ce ta malamin Hausa da ya ce "maguɗin jiki". Allah ya gafarta Malam, na kusa rufe zancen a nan. Bahaushe ya riga ya san maguɗin zaɓe da maguɗin jarrabawa, ba sai an yi masa fassara ba. Kuma akwai inda babu kalmar da ta fi ta dacewa. A gasar Olamfik ta hunturu a Sochi ta Rasha a 2014, da dare ake miƙa kwalaben fitsarin 'yan wasa ta wani ɗan rami a jikin bangon ɗakin gwaji, a buɗe su, a zubar, a zuba mai tsabta da aka tanada tun da wuri. Shugaban ɗakin gwajin da kansa, Grigory Rodchenkov, shi ya fallasa. Wanda ya taɓa jin labarin canjin akwatin ƙuri'a ai ya gane wannan nan take.

Sai wata 'yar'uwa mai ilimin haɗa magunguna ta taka mini birki, kuma gaskiyarta. Ta ce maguɗi da niyya ake yin sa, dokar wasanni kuwa ba ta jiran niyya: in an samu abu a jikinka, kai ne da alhaki, ko ka sani ko ba ka sani ba. Ta tuna mini André Onana, golan Kamaru. A 2021 yana Ajax aka dakatar da shi wata 12 saboda maganin sa fitsari, irin wanda ake haramtawa don yana iya wanke shaidar wasu magungunan. Ya ce na matarsa ne ya sha bisa kuskure, kotun wasanni ta duniya ta rage hukuncin zuwa wata 9. In na hau rediyo ranar farko na ce "Onana ya yi maguɗi", na yanke masa hukunci kafin alƙali ya zauna. Ta ƙara da 'yan matan Jamus ta Gabas a shekarun 1970 da 1980, waɗanda masu horarwa ke ba su magungunan gina tsoka a ce musu bitamin ne. Yarinyar da aka cuta, ka kuma kira ta 'yar maguɗi? Yaya, na sallama.

Akwai kuma wani dalili da ya sa maguɗi ba za ta iya ɗaukar kayan duka ba. Gardamar da ake yi yanzu a duniya ita ce ko a halatta abin ma gaba ɗaya. Masu shirya wata gasa da suka kira Enhanced Games sun fito fili sun ce tasu ba gwaji, kowa ya yi amfani da abin da likita ya ba shi, har suka ba wani ɗan ninkaya ɗan Girka dala miliyan 1 a 2025 don ya yi gudun da ya fi na tarihi. Hujjarsu ita ce tunda ana yi a ɓoye, gara a yi a gaban likita. Ni ban yarda da su ba ko kaɗan, don na san wanda zai fara kwaikwayo ba mai likita ba ne, yaron unguwa ne mai ɗaga ƙarfe da zai je ya sayo a kemis. Amma dole in iya ba da labarin gardamar. Ba zan ce "ana muhawara kan ko a halatta maguɗi" ba, don in an halatta shi ya tashi daga maguɗi. Muna bukatar sunan aikin kansa, ko an hana ko an bari.

Bayan isha'i. Ina jin an samu.

Wata Hajiya, tsohuwar malamar makaranta daga Damagaram, ta rubuto layi ɗaya tak: "Ɗana, ai wannan ƙarfin aro ne." Hajiya, Allah ya ƙara girma. Tun ɗazu nake juya ta a baki. Aikin shi ne aron ƙarfi, abin da aka samu shi ne ƙarfin aro, abubuwan da ake amfani da su kuma kayan aron ƙarfi, ko ƙwaya ce, ko allura, ko man shafawa, ko jini a leda. Ƙarfi a Hausa kuma faɗi gare shi, akwai na damtse, akwai na zuciya, akwai na ido, don haka maharbin Koriya ya shigo ciki.

Na gwada ta a jimlolin da nake karantawa kullum. "Hukumar yaƙi da aron ƙarfi ta duniya, WADA, wadda aka kafa a 1999, ta sa tiramadol cikin kayan da ta hana a lokacin gasa daga farkon 2024." Ta zauna. "An dakatar da 'yar tseren Najeriya Blessing Okagbare shekara 11 saboda aron ƙarfi." Ta zauna. Sai wadda ta fi mini daɗi, don duk wanda ya kai shekaruna yana tuna daren: a Gasar Cin Kofin Duniya ta 1994 a Amurka, wasan Najeriya da Ajantina, Siasia ya fara ci mana, Caniggia ya rama biyu, aka tashi 2 da 1, sai ga wata mata da fararen kaya ta riƙo hannun Maradona ta fita da shi daga fili yana murmushi. "An kai shi gwajin aron ƙarfi, aka samu, bai sake buga wa Ajantina ba." Ko kakata za ta gane wannan.

Wani ya ce ai aro ana mayarwa, wannan kuwa wa ake mayar wa? Ɗan'uwa, ai nan ne kalmar ta fi yin daidai. Ben Johnson, ɗan tseren Kanada, ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.79 a Seoul a 1988, kwana 3 zinaren ya yi a hannunsa aka karɓe aka ba Carl Lewis. Na kusa da mu kuma: a Sidni a 2000 'yan Najeriya suka zo na biyu a tseren miƙa sanda na mita 400 sau 4, Amurka ta ɗauki zinare. A 2008 Antonio Pettigrew na cikin 'yan Amurkan ya amsa cewa ƙarfin nasa na aro ne, aka ƙwace. Sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya zinarenta, Sunday Bada kuwa ya rasu a Disambar 2011, bai ga ranar ba. An mayar da aron, amma shekara 12 bayan mai kaya ya gama bukatarsa. Ban da wanda jiki yake karɓa da kansa: EPO yana sa jini ya yi kauri har ya iya daskarewa a jijiya, magungunan gina tsoka kuma suna cin hanta da zuciya.

Mai tambaya kan jinin Armstrong, cewa nasa ne, ya za a ce aro? Daga Armstrong na watan jiya ya ara, wanda ya huta ya ƙoshi. Ni dai ta wuce a wurina.

Ƙorafin da na ɗauka da muhimmanci shi ne na abokan aikina, cewa a ƙwallo mun riga mun ba "aro" aiki, muna cewa wane ya tafi wata ƙungiya aro. Haka ne. Sai mu kiyaye kada mu taɓa yanke ta, kullum da ƙarfinta a manne. "Ɗan wasan aro" daban, "mai ƙarfin aro" daban. Maguɗin Malam kuma ba mu yar da ita ba, mun ajiye ta don ranar da kotu ta tabbatar da gangan aka yi, ko irin aikin Sochi.

Saura Baba, tsohon ɗan dambe, da ya sa jikansa ya rubuto mini cewa in haka ne, layu da kambun da suke ɗaurawa a damtse, da rubutun da suke sha kafin su shiga fage, da sagau da ake yi wa abokin karawa hannunsa ya mutu, duk aron ƙarfi ne ke nan? Baba, ranka ya daɗe, ka ɗaure ni. Na ce masa abin da na sani kawai, cewa gwajin fitsari ba ya nuna laya, kuma kowa a fage yana ganin kambun kowa. Jikan ya dawo ya ce Baba ya ce wanda ake gani ai ba shi ne na gasken ba.

Ranar Asabar zan fara karanta "aron ƙarfi" a shiri. 'Yan'uwa na Maraɗi da Tawa da Yamai, ku gaya mini ko ta zauna a kunnenku ko "dopaj" ta riga ta kafa gida. Mai kula da na'ura na aika masa tun ɗazu, ya amso da cewa wannan karon bai yi dariya ba, amma zai zo da shirinsa.