Neman bayani kan tsarin SCOR na tafiyar da kaya

Tambaya:
Assalamu alaikum. Ina kula da sito a wani kamfanin casar shinkafa, kuma shugabanninmu sun ce za mu fara aiki da tsarin SCOR. Ina roƙon masana su bayyana mini abin da ya ƙunsa.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. SCOR (Supply Chain Operations Reference) tsari ne na tafiyar da kaya tun daga sayo ɗanyensu har su isa ga mai saye. Ƙungiyar Supply Chain Council ce ta fito da shi a Amurka a 1996. Sigarsa ta 2017 ta kasa aiki gida shida: tsarawa, sayo ɗanyen kaya, sarrafawa, isarwa ga mai saye, karɓar kayan da aka dawo da su, sai kuma ayyukan da ke tallafa wa sauran.

Amsa ta biyu:
A ganina, ma'auninsa ya fi komai amfani. Idan dillali ya nemi buhu 200 ranar Litinin, ba a ƙirga odar a matsayin cikakkiya sai an kai masa adadin daidai, a ranar da aka yi alkawari, babu buhun da ya yage, takardu kuma babu kuskure. Haka nan ana ƙirga kwanakin da kuɗin da kuka biya manomi ke ɗauka kafin su dawo hannunku.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Zan fara da rubuta ranar fitar kowace mota daga sito.