Sistar da ke karɓar haihuwata a gida ta ajiye jaka, wai ba ta da inshora. Ina mafita?

Maman Hanifa, Rigasa

Assalamu alaikum. Don Allah ma'aikatan asibiti da waɗanda suka san harkar inshora ku taimaka min da bayani.

Cikina wata bakwai, kuma shi ne na huɗu. Ta farin a asibiti na haife ta, lokacin na je goyon ciki gidanmu a Tudun Wada, Mama ta ce haihuwar fari ba a wasa da ita. Biyun da suka biyo baya a ɗakina na haife su, a hannun wata sista da muke layi ɗaya. Ba ungozomar gargajiya ba ce. Ta yi makarantar ungozoma, ta yi aikin gwamnati a ɗakin haihuwa har ta yi ritaya. Da jakarta take zuwa: safar hannu, abin gwada hawan jini, abin sauraren bugun zuciyar jariri, da allurar da ake yi bayan an sauka don mahaifa ta tsuke. Ita ke yanke cibi, ta juya mabiyiya ta duba ko ta fito duka, kuma ba ta tafiya sai ta ga na sha kunu na yi fitsari. Abin da muke ba ta bai taka kara ya karya ba, turmin atamfa ne da sabulu da ɗan abin da maigidan ya samu.

Makon jiya na je gaishe ta, in sanar da ita lokaci ya matso, sai ta ce in yi haƙuri in tafi asibiti, ita ta daina. Wata abokiyar aikinta ce ta karɓi haihuwa a wata unguwa, yaron ya zo ba rai, dangin mijin suka kai ta wurin 'yan sanda, sai da 'ya'yanta suka haɗa kuɗi aka kashe maganar. Shi ne ɗan sistar tamu ya ce mata ba asibiti a bayanta, ba inshora, in tsautsayi ya faɗa, gidan da suke ciki za a sayar.

Kar a ɗauka gudun asibiti nake don jahilci. Ina zuwa awo, ina shan maganin ƙarin jini, an yi min hoton ciki an ce kwanciyar yaro daidai. Amma abin da na gani a haihuwar fari ban manta ba. Mu huɗu muna naƙuda, ma'aikaciya ɗaya. Na yi ta kira har muryata ta dushe, da ta zo tsawa ta fara min. Aka hana Mama shiga. A gida kuwa ana riƙe da hannuna, yarana suna ɗakin kakarsu, ba wanda ya buɗe ni a gaban mutane.

Tambayata: akwai irin wannan inshorar a Kaduna, ko da mu ne za mu taimaka a biya mata? Maigidan malamin firamare ne, muna da katin KADCHMA na hukumar inshorar lafiya ta jiha, shi ba zai yi ba? Sannan haihuwa a gida laifi ce a doka?

Ɗan Kawo

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raba lafiya. Harkar inshora nake yi, bari in raba miki abu biyu da sunansu ya zo ɗaya.

Katin da ke hannunku na inshorar lafiya ne. An yi dokar KADCHMA a 2018, ta tarayya kuma aka sabunta ta a 2022 ta zama NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa. Aikin wannan shi ne ya biya kuɗin awo da haihuwa da magani a asibitin da kuka yi rajista da shi. Asibiti yake biya, ba mutumin da ya zo gidanki da jaka ba.

Wadda ɗan sista yake nufi daban ce. Ita ma'aikacin lafiya take karewa idan aka ce ya yi sakaci aka nemi diyya, kamar dai takardar inshorar mota da ke biyan wanda ka buge, ba ta gyara taka motar. Tun dokar inshorar lafiya ta 1999 aka wajabta wa asibitocin da ke cikin shirin su mallake ta. To amma kamfani kafin ya rubuta sai ya tambaya: ina lasisi, ina rajistar wurin aiki da ma'aikatar lafiya ta jiha, ina littafin da ake rubuta marasa lafiya, mutum nawa ake gani a shekara. Tsari ne da aka gina kan asibiti mai adireshi. A tsawon aikina asibitoci da ɗakunan gwaji na rubuta wa, ungozoma guda mai bin gidaje ba ta taɓa zuwa teburina ba.

Kuma ko da an rubuta mata, a kula: inshora diyyar kotu take biya da kuɗin lauya. Ba ta hana ɗan sanda ya zo ya tafi da mutum. A nan garin kuwa wa ya kai ungozoma ƙara kotu yana neman diyya? Ko dai a ce ƙaddara ce a yi shiru, ko a wuce caji ofis kai tsaye. Abin da ya firgita sistarku, takardata ba ta maganinsa.

In da hanya, ta ƙungiya ce. Ungozomomi masu lasisi su taru da yawa ta ƙarƙashin ƙungiyarsu ta ma'aikatan jinya da ungozoma, a yi musu ta bai ɗaya, kuɗin ya sauko. Masu shakkar halaccin inshora kuma akwai takaful, wato inshora ta tsarin Musulunci, hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013.

Antin Leeds

Maman Hanifa sannu da nauyi. Ni 'yar Unguwar Sanusi ce, aikin jinya ya kawo ni Ingila. Labarinki ya ba ni mamaki, don rigimar nan an yi ta a nan shekara da shekaru.

Akwai ungozomomi masu zaman kansu a nan, mace ta biya su daga aljihunta, su bi ta tun daga awo har haihuwa a gidanta. Tun wajen 2002 kamfanoni suka daina sayar musu da inshora, suka ci gaba da aiki a haka, suna gaya wa kowace mace tun farko cewa ba su da ita. A 2014 doka ta ce duk ma'aikacin lafiya dole ya kasance da inshorar diyya kafin ya yi aiki. Ƙungiyarsu ta haɗa nata tsarin, a farkon 2017 hukumar NMC mai rajistar nas da ungozoma ta ce kuɗin da ke ciki ba zai isa biyan babbar diyya ba, ta hana masu dogara da shi karɓar haihuwa. Suka je kotu ba su yi nasara ba. Akwai matan da cikinsu ya tsufa suka wayi gari ba ungozomar da suka saba da ita.

Dalilin tsadar ba wai sun fi kowa kuskure ba ne. Yaro ɗaya da ya samu matsalar ƙwaƙwalwa wurin haihuwa, kotu za ta lissafa kuɗin kula da shi har ƙarshen rayuwarsa, miliyoyin fam ake magana. Su kuma ba su da yawa, in aka raba wannan a kansu ba mai iya ɗauka.

Sai dai kar mu kwafi labarin mu manta da sauransa. A nan ungozomar gwamnati ma tana zuwa gida kyauta, su biyu suke zuwa lokacin haihuwar, motar asibiti na jiran waya. Babban binciken da aka fitar a 2011 ya nuna masu haihuwar fari da suka fara a gida kusan 45 cikin ɗari sai da aka kwashe su zuwa asibiti, waɗanda suka taɓa haihuwa kuma 12 cikin ɗari. Ga irinki da ta saba haihuwa lafiya, binciken bai ga ƙarin haɗari ga jariri a gida ba. Amma waccan 12 ɗin mota ce ta ɗauke su cikin mintuna. Ki auna da layinku ƙarfe biyun dare da damina.

Likitar Mata

Zan yi magana ba sakayawa, ki yi haƙuri 'yar'uwa. Ba wata doka da ta ce mace ta yi laifi don ta haihu a ɗakinta. Da laifi ne da rabin garin nan na tsare: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin ɗari kawai ake yi a asibiti a Najeriya, yankinmu na arewa maso yamma kuma ya fi kowane yanki ƙaranci. Shi dai wannan binciken ya ce mata 512 ke rasuwa a duk haihuwa 100,000.

Abin da nake tsoro jini ne. Ba ya sallama, kuma haihuwa uku lafiya ba ta ba ki takardar ta huɗu. In ya ɓalle, mace mai ƙoshin lafiya tana iya tafiya cikin awa biyu. Allurar da sista ke yi miki tana rage haɗarin sosai, amma in ba a ajiye ta cikin sanyi ba ƙarfinta raguwa yake, ga halin wutarmu. Binciken E-MOTIVE da aka buga a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya rage mummunan zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari, ta hanyar shimfiɗa leda mai awo a ƙarƙashin mai jego a ga ainihin jinin da ya zuba, sannan a haɗa magungunan a ba ta lokaci guda. Wannan aikin hannu da yawa ne. Mutum ɗaya ba zai murza mahaifa, ya sa ruwa, ya nemi mota a lokaci guda ba.

Tsawar da aka yi miki ba na kare ta, abin kunya ne gare mu.

Maman Hanifa, Rigasa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Likita na ji, kuma jikina ya yi sanyi. Amma ku gane, a layinmu kaɗai mata uku ne masu ciki da suka dogara da ita. Ɗaya mijinta ya riga ya ce ba za ta je asibiti ba ko me za a yi. Ita yaya ke nan?

Sista Mai Ritaya, Badarawa

'Yata, tambayarki ta ƙarshe ita ce maganar. Na yi shekara talatin da biyar a ɗakin haihuwa, kuma har yau ana buga min ƙofa.

Masu cewa mu ajiye jaka suna zaton in mun ajiye matan asibiti za su tafi. Wasu za su je, irinki. Sauran a gida za su haihu kamar yadda suka yi niyya, sai dai yanzu ba mai gwada musu jini, ba mai gane kumburin fuska da ciwon kai alamar jijjiga ce. Tsohuwa za ta ba da rubutu a jira, in naƙuda ta yi tsawo a kira yaron kemis ya yi allurar naƙuda alhali yaro bai sauko ba. Na ga mahaifar da ta fashe ta wannan hanyar ba sau ɗaya ba. Shi yaron kemis ba ya tambayar inshora, tsohuwa ma haka. Mai lasisin ce kaɗai ke da abin da za ta rasa, don haka ita ce ke fara janyewa.

Ban ga laifin 'yar'uwata ba. Ɗanta ya yi gaskiya, kuma Malam Ɗan Kawo ya faɗi abin da yake: takarda ba ta hana kwana a caji ofis. Ni abin da nake kare kaina da shi ban saye shi a kamfani ba. Lasisina na hukumar nas da ungozoma ina sabunta shi duk da na yi ritaya. Ina da littafi, duk wadda na taɓa sai na rubuta awonta da lokacin da na zo da abin da na ba ta. Ba na karɓar haihuwar fari, ba na karɓar wadda aka taɓa yi wa aiki, ko tagwaye, ko mai hawan jini, ko yaron da ya zo ta ƙafa, ko wadda ta haura haihuwa biyar, ko wadda ba ta da katin awo. Sannan tun ciki na wata takwas nake zaunar da maigida gaban mahaifiyarsa ya sa hannu cewa duk lokacin da na ce a tashi, an tashi, ba sai an jira wani ya dawo daga kasuwa ya ba da izini ba. Wanda ya ƙi, na ce ya nemi wata. Da yawan mazan da ke cewa ba asibiti, in suka ji sharaɗin daga bakin wadda suke ganin girmanta, suna sassautowa. Mijin maƙwabciyarki ku fara ta nan, ku haɗa da limamin layin in ya cije.

Ke kuma ga shawarata. Kar ki matsa wa sistarki ta karɓa a gida tunda zuciyarta ta tsorata, hannun da ke rawa ba na so a kanki. Ki roƙe ta ta raka ki. Jihar nan an tsara kowace mazaɓa cikin 255 ta samu cibiyar lafiya matakin farko, ki duba wadda katinku yake, ku je tare tun yanzu ranar awo ta gaisa da masu aikin. Mu mun san junanmu, wasunsu ma ɗalibanmu ne, kuma ba a yi wa mace tsawa tsohuwar sista na tsaye a kanta. In komai ya tafi daidai ba za a daɗe ba za a sallame ki, ta ci gaba da duba ki a gida kwanakin jego, wannan ba wanda zai kai ta ƙara a kansa.

Ki tambaya tun yanzu ko suna kwana da ma'aikaci, don ba kowace cibiya ke aikin dare ba. Ki karɓi lambar mai Keke Napep biyu a layinku, a gwada rukunin jininki, maigidan ya san wa zai kira cikin 'yan'uwa in an buƙaci jini.

Malam Ɗan Kawo, maganar ta ƙungiya da ka kawo, muna da taron tsofaffin ma'aikata ƙarshen wata. Ka rubuto min takardun da kamfani zai nema da mafi ƙarancin adadin mutanen da zai karɓa, in karanta musu.