Me ya sa jirgi ke sauka a wani gari alhali mansa bai ƙare ba?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Masana harkar jiragen sama, ku warware mini wannan. Sai a ji jirgi ya bar hanyarsa ya sauka a wani filin don ya sha mai, kuma a ce akwai sauran mai da yawa a tankinsa. To ina matsalar? Ko tun daga ƙasa lissafin ke kufcewa?

Tsohon Matuƙi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, matuƙi ba abin da ke tanki yanzu yake dubawa ba, abin da zai saura lokacin da taya ta taɓa ƙasa shi ne damuwarsa. A ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ana zuba man gangarawa zuwa titin tashi, da man tafiyar kanta, da ƙarin kashi 5 cikin ɗari saboda ko-ta-kwana, da wanda zai kai jirgi wani filin idan na farko ya ƙi saukuwa. A ƙarshe akwai ajiya ta shawagin minti 30 a tsayin ƙafa 1,500. Wannan ajiyar ba ta taɓuwa.

A hanya ana gwada man da ya rage da abin da takardar tafiya ta ce. Iska mai ƙarfi daga gaba, ko a hana ka tsayin da ka nema, ko dogon jira saboda hazo kamar yadda ake yi a Kano lokacin hunturu, duk suna cin mai. Da zarar lissafi ya nuna za a shiga ajiyar nan, sai a juya tun akwai zaɓi.

Injiniya:
Kuskuren ƙasa ma yana faruwa, Malam. Mota a lita take zuba mai, jirgi kuwa a nauyi yake lissafi, lita ɗaya kusan kilo 0.8. Ranar 23 ga Yuli 1983, Boeing 767 na Air Canada zai je Edmonton daga Montreal, yana buƙatar kilo 22,300, ga na'urar nuna mai ta lalace. Aka auna da sandar gwaji ta ƙarƙashin fiffike, aka samu lita 7,682, aka ninka da 1.77 don a samu nauyinsa. Wannan adadin na laba ne, ba na kilo ba. Suka ɗauka akwai kilo 13,597, alhali wajen 6,170 ne. Aka ƙara lita 4,917 maimakon kusan 20,000. Matsalar mai ta fara a ƙafa 41,000, daga baya injuna biyu suka mutu, matuƙi Bob Pearson ya lallaɓa da shi har tsohon filin soja na Gimli, ba a rasa rai ba. Abin takaicin, an sake awo da jirgin ya tsaya a Ottawa kan hanya, aka sake maimaita kuskuren laba da kilo ɗin.

Tsohon Matuƙi:
Haka ne, Injiniya. Sai kuma kalmar da ake faɗa wa hasumiyar filin jirgi. "Minimum fuel" sanarwa ce kawai, cewa ba ka iya jurar ƙarin jinkiri, ba ta sa a ba ka gaba. "Mayday fuel", wato ayyana gaggawa, ita ke buɗe maka hanya. Jirgin Avianca 52 a Janairun 1990 ya yi jiran sama da awa ɗaya kafin sauka a New York, matuƙan suka yi ta neman a ba su fifiko ba tare da sun ayyana gaggawa ba. Yunƙurin sauka na farko bai yi ba, man ya ƙare, mutum 73 suka rasu.