Oga ya ce in tura daftarin rahoton kwamiti waje, yaya zan yi?

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka san aikin majalisa ku taimaka mini. Wata huɗu ke nan da fara aiki a ofishin wani ɗan majalisa. Kwamitin da yake ciki ya gama sauraron ra'ayin jama'a, an kuma raba wa mambobi daftarin rahoton da shugaban kwamitin ya sa aka rubuta. Oga ya karanta, ransa ya ɓaci, domin shawarar da ta fi muhimmanci an sassauta ta har ba ta da sauran ƙarfi. Jiya ya ce in ɗauki hoton shafuka biyu in tura wa wata ƙungiya da ta ba da shaida a gabanmu, su yi surutu kafin zama na gaba. Ni ma ina ganin yana da gaskiya a kan batun. Amma a saman kowane shafi an buga cewa sirri ne, kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. In tura ko in ƙi? In na ƙi, me zan ce masa?

Tsohon magatakardan kwamiti:

Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki tura. Takardar nan ba ta ogan ki ba ce, ba ma ta shugaban kwamitin ba ce. Ta kwamiti ce, kuma majalisar da ta kafa kwamitin ita ke da haƙƙin fara jin abin da ya gano. Sai an gabatar da rahoto a zaure yake zama na jama'a. Kafin nan, fitar da shi na iya zama raina majalisa.

Dokar ta daɗe. Majalisar wakilan Birtaniya ta zartar tun 1837 cewa ba mamba ko wani mutum da zai wallafa shaida ko takardun kwamiti da ba a kai gaban majalisa ba, kuma majalisu da yawa da suka gaji tsarinta sun sa irin wannan a dokokin zamansu. A 1999 an dakatar da Ernie Ross, wani ɗan majalisar wakilan Birtaniya, na kwana 10 saboda ya miƙa wa ma'aikatar harkokin waje daftarin rahoton kwamitinsu a kan batun kai makamai ƙasar Saliyo. Ki lura, ba jarida ya ba ba, gwamnatin jam'iyyarsa ya ba, amma hakan bai cece shi ba.

Na zauna a irin waɗannan zaman shekaru da dama. Daftari ana bin sa sakin layi bayan sakin layi, kowa ya kawo gyaransa, in ba a daidaita ba a kaɗa ƙuri'a. Na sha ganin ɗan adawa da ɗan gwamnati sun haɗu a kan jimla guda, saboda ƙofa a rufe take, ba mai jin kunyar ja da baya. Da zarar daftari ya fita, kowa sai ya koma bayan jam'iyyarsa ya kafe, don kada a ce matsin lamba ne ya juya shi. Abin da ogan ki ke son ya gyara, fitar da shi ne zai daskarar da shi.

Wata 'yar jarida:

Baba, na yarda kada ta tura, amma a faɗi ɗaya gefen. Wani lokaci da sunan sirri ake binne rahoto, a ajiye shi a durowa har wa'adin majalisa ya ƙare. Damuwar ogan nata ba ta banza ba ce. Ke kuma 'yar'uwa, ki sani, ƙungiyar da za ki tura wa ba za ta riƙe shi ba. Ranar ma zai iso hannunmu, kuma hoton da aka ɗauka da waya yakan tona mai shi. Wasu kwamitocin suna sa lamba ko alama daban a kwafin kowane mamba.

Tsohon magatakardan kwamiti:

Gaskiya ne, ana binne rahoto, na gani da idona kuma ya dame ni. Amma maganinsa mamba ya tashi a zaure ya tambayi dalilin jinkiri. Wannan yana da damar yi ba tare da ya karanta ko layi ɗaya na daftarin ba.

Wani lauya:

Ƙanwata, ki duba inda ke kike tsaye. In magana ta fasu, shugaban kwamiti yakan tambayi mambobi da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci a rubuce, daga nan a miƙa batun ga kwamitin da ke kula da haƙƙoƙi da alfarmar majalisa. Ɗan majalisa a dakatar da shi ya dawo kujerarsa. Ke aikinki ne zai tafi, kuma saƙon daga wayarki ya fita. Wasu ƙasashen ma abin ya wuce ladabtarwa: a Ostireliya, dokar alfarmar majalisa ta 1987 ta mayar da fitar da shaidar da aka bayar a zaman sirri laifin da kotu ke hukuntawa. Ki nemi littafin dokokin zaman majalisarku ki karanta sashen kwamitoci da kanki, domin kowace majalisa da nata.

Ga abin da za ki kai masa maimakon "a'a" kawai. Ku rubuta gyara a kan wannan sakin layin, a ba magatakarda kafin zama. Ya nemi mambobi biyu ko uku su mara masa baya. Magana da abokan kwamitinsa ba fallasa ba ce. In an kayar da shi, ya nemi a rubuta ƙuri'ar a bayanan zama. Wasu majalisun suna barin a haɗa rahoton marasa rinjaye, wasu kuma, kamar ta wakilan Birtaniya, sai dai a gabatar da wani daftarin na daban, ya fito a cikin bayanan.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To in muna son ƙungiyar ta tabbatar mana da wasu alƙaluma fa?

Tsohon magatakardan kwamiti:

Ku tambaye su a kan shaidar da suka bayar a bainar jama'a, kada ku nuna musu abin da daftari ya ce. Ko ki gaya wa magatakarda ya rubuta musu da sunan kwamiti, amsar ta zo wa kowa da kowa.

Mai tambaya:

To Baba. Na goge hotunan da na riga na ɗauka. Yau da dare zan rubuta gyaran, gobe in kai masa kafin ya shiga zaure.