Gindin albasa da sauran ragowar cefane: wa ya taɓa shukawa a gida?

Mai tambaya, daga Sheka: Assalamu alaikum. Kayan miya sun yi tsada, ga shi kullum gindin albasa da na latas a shara suke ƙarewa. Waɗanda suka taɓa mayar da su ƙasa a nan Kano, don Allah ku faɗa mana wanne ya yi, wanne ya ƙi.

Wata uwa, Gwammaja: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Fara da albasa mai lawashi. Idan na sayo a Yankaba, nakan bar gindin da saiwarsa, tsawon gaɓar yatsa biyu, in dasa a tsohon bokitin fenti da na huda ƙasansa. Kafin mako ya zagayo sabon ganye ya leƙo. Sai dai ki sani lawashi za ki samu, ba ƙatuwar albasa ba, kuma in kin yanka sau biyu zuwa uku zai fara sirancewa. Ni dai ya ishe ni yin wainar ƙwai da kwaɗo.

Daga Ɗorayi: Hajiya ta yi gaskiya da ta ce a ƙasa. Wannan na sakawa a kofin ruwa da ake nunawa a bidiyo bai dace da zafin garinmu ba. A watan Afrilu yini ɗaya ruwan yake yi ya fara wari, gindin ya ruɓe, in kuma ya daɗe sauro ya yi ƙwai a ciki. In dai sai an saka a ruwa, a riƙa canza shi kullum, saiwa na fitowa a dasa.

Wani malami, Hotoro: Bari in sa baki, don kada wani ya wahala a banza. Kan karas ganye kawai yake fitarwa, ba ya sake yin karas. Latas kuma ɗan sanyi ne: daga Nuwamba zuwa Janairu gindinsa yana tohowa, amma da zafi ya shigo sai ya miƙe ya yi fure, ganyen ya yi ɗaci. Tafarnuwa ma sanyin take so. Tumatir da attarugu suna tsirowa daga 'ya'yan wanda ya nuna sosai, sai dai tumatir ɗin kasuwa da yawa irin aure ne, abin da zai haifa ba lallai ya yi kama da uwar ba.

Inna, Kurna: Malam, ka manta da dankalin Hausa, shi ne ya fi komai albarka a wurina. Wanda ya fara tsiro a kwando, na binne shi, da ya yi yaɗo na yanyanka rassan na dasa a buhunan siminti, ƙasa haɗe da busasshen kashin awaki. Da farkon damina na yi, bayan wata huɗu muka zazzage buhu, jikokina har da ihu. Ganyensa ma ana miya da shi. Shuwaka da na'a-na'a kuwa reshe kawai ake cakawa. Batun ruwa, tunda na 'yan garuwa muke saye, na wankin shinkafa da na ganye nake zuba musu. Ban da mai sabulu.

Daga Rijiyar Zaki: Ni ƙadangaru ne suka hana ni sakat, tsiro na fitowa su cinye. Tsohon gidan sauro na rufa a kai, shi ke nan. Akuyar maƙota kuwa sai da na ɗora bokitan a kan katanga.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Inna, ɗanyar citta fa? Ina da wata da ta yi ido.

Inna: Binne ta ba da zurfi ba, 'yata, idon ya kalli sama, ki ajiye a inuwa. Cittar kudancin Kaduna ta saba da lema, kada ki bari ƙasar ta bushe. Ita sai kin yi haƙuri, takan kai wata takwas kafin a tone.