Murjanina yana narkewa da wani yauƙi ruwan ƙasa, wa ya taɓa fama da shi?

Baban Humaira, Abuja:
Salamu alaikum 'yan uwa masu kiwon murjani, wato halittar tekun nan mai ƙashi kamar dutse da muke rainonta a tankin ruwan gishiri. Don Allah wanda abin ya taɓa faruwa da shi a tankinsa nake so ya faɗa min yadda ya yi. Tankina lita 300 ne ya kusa shekara biyu, ina da murjani uku a ciki irin waɗanda muke kira Euphyllia, masu rassa da kan nama a ƙarshen kowane reshe, ɗaya irin toch ne, biyu kuma irin hama. Shekaranjiya da asuba na ga kai ɗaya na toch ɗin ya tsuke bai buɗe ba, kafin la'asar wani yauƙi ya lulluɓe shi kamar an kwara masa miyar kuka, da na ciro shi warin kamar ruɓaɓɓen kifi, jiya kuma na kusa da shi ya kama yanzu farin ƙashi kawai ya rage. Saura kai biyar. Awon gishiri da na alkaliniti duk daidai suke, sai dai zafin ruwan ya kai digiri 29 satin nan don an ɗauke wuta kwana biyu kuma inbata ba ta iya jan na'urar sanyaya ruwa. Wallahi raina a ɓace yake, tun yana kai biyu nake rainonsa.

Ɗan Zongo, Hambug:
Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, sannu. Wannan ita ce cutar da ake kira burawun jeli saboda yauƙin nan ruwan ƙasa, kuma kar ka bari ta kwana. Ni abin da ya cuce ni farkon haɗuwata da ita, na ga yauƙin sai na ɗauko sirinji na fesa masa ruwa wai in wanke shi, fanfuna kuma duk suna aiki, ashe yaɗa ta na yi a tankin gaba ɗaya, cikin kwana uku na rasa murjani huɗu har da wata hama da na yi shekara uku da ita. Karo na biyu kam na gane. Ka fara kashe duk fanfuna ruwa ya tsaya cik, ka sa siririn tiyo ka zuƙe yauƙin waje cikin bokiti, sannan ka ciro murjanin a cikin roba, a waje za ka yi yankan ba a cikin tanki ba. Duk kan da ya kama ka datse shi daga can ƙasan reshe ka jefar, ko da rabinsa na da kyau kar tausayi ya hana ka. Sauran ka tsoma su a ruwan tankin da ka ɗiga wa ruwan aidin da ake kira Lugol kamar minti goma, ka ɗauraye, ka ware su daban. Da haka na tsira da kai uku cikin shida.

Maman Sadik, Lids:
Baban Humaira Allah ya kiyaye gaba. Duk abin da Ɗan Zongo ya ce na yi shi har sau biyu amma ta dawo, na yanka yau jibi wani kan ya kama, har ta tsallaka kan murjanin da ke can ɗaya gefen tankin, to a nan na san tana cikin ruwan. Shi ne na koma kan ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake kira cipro. A 2020 Eli Meyer na AquaBiomics, kamfanin da ke gwajin ƙwayoyin halitta na tankin murjani, ya binciki ƙwayoyin da ke jikin murjani masu cutar ya ga wata bakteriya Arcobacter ta yi yawa a cikinsu, ya gwada cipro ɗan kaɗan, miligiram 0.125 a kowace lita, sau uku ana tsallake kwana ɗaya a tsakani. Ma'aunin da na bi ke nan. Na narka ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 a tataccen ruwa mililita 50, kowace mililita ta zama miligiram 10 ke nan. Kai tankinka in ka cire duwatsu da yashi ruwan ba zai wuce lita 250 ba, wajen mililita 3 ke nan a kowane zubi, ka ga ko ƙwaya ɗaya ba za ka cinye ba. Da dare nake zubawa bayan fitilu sun mutu saboda haske na lalata maganin, na cire gawayin tace ruwa na kashe fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta, ragowar kuma a firji cikin kwalba mai duhu. Bayan zubi na biyu ban sake ganin yauƙi ba amma sai da na cika ukun.

Abu ɗaya nake roƙo don Allah, kar a mayar da shi ruwan sha. Ni a nan sai da likitan dabbobi ya rubuta min kafin na samu, a gida kuwa na san kemis za ka shiga a miƙo maka. Maganin nan fa shi ne ake ba mutanenmu na taifot da ciwon mafitsara, kuma tuni ƙwayoyin cuta suka fara daina jinsa saboda yadda ake shansa barkatai. Ina da ƙanwar da ta sha wahala a kan haka shi ya sa abin yake taɓa ni.

Bajidde:
Hajiya gaskiya kika faɗa, amma ni ina ganin matsalar Baban Humaira tana cikin wannan 29 ɗin da ya ambata. Ni ma na zuba cipro, ta tsaya, na yi murna, bayan wata ɗaya da zafi ya tsananta a Jidda na'urar sanyaya ruwana ta mutu ina wajen aiki, na dawo na tarar da Acropora biyu, wani irin murjani mai rassa, naman jikinsu na saɓulewa daga gindi zuwa sama kamar ana feɗe su, kafin gari ya waye sun zama fari fat, toch kuma yauƙinsa ya dawo sabo. Akwai wata bakteriya Vibrio coralliilyticus, tana nan zaune a ruwan teku amma sai zafi ya haura 27 take yin muni sosai, murjanin kuma a lokacin ya riga ya galabaita. Mutane suna ce min ai murjanin Bahar Maliya da ke nan bakinmu yana jure zafin da ya wuce 30, eh haka ne, amma yawancin namu na tanki daga Indonesiya da Ostareliya ake kawo su, ba su saba ba. Yanzu tankina 25 zuwa 26 yake, na sa fanka tana busa saman ruwa, kuma kullum akwai gorunan ƙanƙara huɗu a firiza, a rufe nake jefa su don kar su sirka gishirin. Acropora ɗin kuwa tsinin rassan da ciwon bai kai ba na karya na manna a wani dutse, guda biyu sun rayu.

Injiniya Mai Kifi, Kano:
Ni tunatarwa ce kawai, ku sa safar hannu. Na yanka toch mai cutar nan hannu tsirara ƙashinsa ya ɗan karce min yatsa, ban ɗauke shi komai ba, washegari yatsan ya kumbura ya yi ja har zuwa wuyan hannu sai da na je asibiti, kuma sai da na yi wa likitan bayani cewa ruwan gishiri ne na tanki kafin ya canza min magani. Wanda yake da Palythoa, wani irin murjani mai laushi, a dutse ɗaya ya ƙara da tabarau, dafinsu ba wasa ba ne.

Kawu na Fulorida:
Yarana sannunku da ƙoƙari. Mu nan abin har cikin teku muke ganinsa, tun 2014 wata cuta ta ɓulla kusa da Mayami tana cinye naman murjani sama da iri 20, ta bazu har tsibiran Karibiyan. Masu nutso suna kwaɓa amoxicillin da wani man shafawa su bi gefen ciwon su liƙe. Abin da ya ba ni mamaki, cikin abin da suka fara gwada kwaɓin da shi har da man kaɗanyarmu, sai dai ba ya riƙe maganin kamar haɗin da aka yi musamman daga baya. Daga nan na ɗauki darasin kai magani inda ciwon yake. Da wani murjanina mai kama da ƙwaƙwalwa ya fara ja da baya daga gefe, ban zuba komai a babban tanki ba, na mayar da shi ƙaramin tanki mai lita 20 da hita da ɗan fanfo, a can na yi masa magani ina canza rabin ruwan kullum. Ya ɗauki wata uku kafin nama ya sake rufe wajen. Ka nemi ƙaramin tankin nan Baban Humaira, ko sabon murjani ka sayo ya fara zama a can.

Baban Humaira, Abuja:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Daren jiya na kashe fanfuna na zuƙe, da na ciro sai na ga kai na uku ma ya fara daga ciki, na datse shi, huɗun na tsoma su a aidin suna cikin wata robar lita 25 da ɗan fanfo. Na jawo wa na'urar sanyayawa layi daga janareta, yanzu 26.2 take nunawa. Hama biyun sun buɗe yau da safe ba yauƙi, don haka ban zuba cipro ba tukunna, ina dubawa duk bayan awa uku. Kai ɗaya a cikin robar har yanzu a tsuke yake amma ba ya wari. Ɗan Zongo, kwana nawa ka bar naka a ware kafin ka mayar da su?